Shekara Ukun da Na'ura Ba Ta So

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ba don na rasa abin yi na rubuto maka ba. Wuri tara na tura takardar neman aiki, duk tara suka dawo min da haƙuri, wani ma ko shayina bai huce ba amsar ta iso. Shekara sha huɗu ina ba da magani a asibiti, yanzu a ce ko kallon fuskata ba za a yi ba? Tunda ofishin ɗaukar ma'aikata kake, ga takardar nan na haɗo, ka duba min. Asibitin bayan tasha na neman mai kula da ɗakin magani, Alhamis za su rufe karɓa.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ki yi haƙuri, ba mutum ke mayar da ke ba, manhaja ce a kwamfuta take tace takardu kafin su kai hannun kowa. Ba ta iya karanta layukan da kika zana kamar akwati, hoton ma ki cire shi. Kalmomin tallan aikin take nema, don haka in sun ce "adana magani a sanyi", ke ma ki rubuta haka sak.

Babbar matsalar ita ce shekara ukun da kika bari fili bayan kin ajiye aiki. Manhajar nan ba ta son giɓi. Ki ja ranar barin aikinki zuwa bara, ba wanda zai bincika. Kullum muna ganin masu yin haka.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Na ga saƙonka. Akwatunan na goge, hoton ma na cire, dama gyalen ya karkace. Kalmomin tallansu kuma na kwafe su tas.

Amma giɓi? Kai ne yau kake kiran shekarun nan giɓi? Lallai Auta, ka ƙoshi! Shekara ukun da nake juya Baba duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo? Ni na san allurar da ke zama a firji, ni na san ƙwayar da ake daka masa a cokali saboda ba ya iya haɗiya. Littafi huɗu na cika da awon jininsa. Kai kuwa sau biyu ka taka ɗakin nan, na biyun ma ranar jana'iza ce.

Wallahi ba zan share su ba, ko da na'urar za ta mayar da ni sau ɗari. Ƙasan shekara sha huɗun aikina na buɗe sabon layi, na rubuta "Mai jinyar mara lafiya a gida, shekara uku." Na jera mata abin da take so: adana magani a sanyi, bin jadawalin magunguna, rubuta bayanan mara lafiya. Ka nuna min ƙarya ɗaya a ciki. Na tura tun jiya.

Yayarka, wadda ranta ke ɓace.

*

Auta,

Kwana goma ba amsa, to ai na san ka, tun kana yaro in ka yi laifi ƙarƙashin gado kake shigewa. Ka fito, labari ne da ni.

Na'urar taku ta bar ni na wuce. Jiya na je ganawa, mutum uku a bayan tebur. Shugabar ta sa yatsa a kan layin nan ta ce wa zai ba da shaidar wannan aiki. Na ce wanda na yi wa aikin ya rasu. Ta ce dole a sami wani, in ba haka ba dokarsu ba ta yarda a ƙirga shi ba, kuma akwai mutum biyu a bayana.

Lambarka na ba ta. Ban roƙe ka ka gyara komai ba, kada ka ja min ko rana ɗaya. Abin da ka sani za ka faɗa.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Shugabar ta kira ɗazu. Ta tambaye ni ko na ga aikinki da idona, na ce mata a'a, ban gani ba, domin ba na zuwa. Na ce mu biyu Baba ya haifa, ke kaɗai kika yi jinyarsa, kuma shekara uku yana kwance ko ƙurji bai fito a bayansa ba, wanda ya yi masa wankan gawa ne ya gaya min. 

Ta ce ki je Litinin da ƙarfe takwas, ki tafi da littattafan nan huɗu, tana son gani.

Ni ma ina son in gani, Yaya. Zan zo Asabar, in za ki buɗe min ƙofa.

Auta.