Kwat ɗin Baba Ta Ƙi Ni

Glasgow, Laraba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya amaryarmu Mairead da tumaki?

Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da kika aiko min da kwat da falmaran na marigayi Baba, kika ce da su zan ɗaura kilt, zanen gargajiyarmu na mazan Scotland, ranar bikin ƙanwata Mairead, na daina cin dankali don in rame. Baba bai taɓa ƙara ƙiba ba tun aurenku, ya sha faɗa mana, ni kuwa ga tumbi. Kada ki damu, jirin yunwar ba kullum ba ne.

Jiya na kai kayan wurin tela, tsoho Geddes. Na haɗiye ciki, na ɓalla falmaran. Ya ce, "Yi numfashi, ɗana, ba gawa nake aunawa ba." Ina yi, maɓalli ya tashi ya faɗa cikin shayinsa.

Ya farke bayan rigar, ya duba, sai dariya. "Wa ya ce maka ubanka bai yi ƙiba ba? An sha ƙara wa rigar nan faɗi a ɓoye. Wannan ɗinkin matar da ke son mijinta ne."

Inna, na gane zarenki. Ashe haka kika bar shi yana ta cika mana baki!

Geddes zai ƙara ƙyalle, rigar za ta shige ni. Ki aiko da bandar kifi, yunwa nake ji.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Torquil