Ragon Ban-Haƙuri

Dogarawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Yamai. Inna tana gaishe ka. Gero ya fara fitar da kai.

Baba ne ya sa ni rubuto maka, domin ya ce maganar waya iska ke ɗauke ta. Labari ya iso mana cewa kamfaninku ya dakatar da kai saboda ka ƙi tuƙa sabon jirgin saman da suka sayo. A kasuwa har ana cewa tsoro ya kama ɗan Malam Munkaila a sama. Ranar da Baba ya ji, ko fura bai sha ba.

Ya ware farin ragonsa. Shi da Kawu Isiyaku da liman za su zo su ba mai kamfanin haƙuri, kamar yadda ake yi in yaro ya saɓa wa maigidansa. Ni aka ce in rubuta takardar ban-haƙurin da Faransanci, tunda ni ce 'yar lise, wato babbar sakandare. Ban fara ba tukuna. Yaya, mi ya faru? Ban san ka da tsoro ba.

Labo direba zai kawo maka wannan. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Nabila

Yamai, ranar Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaishe mini da Inna. Su kuma 'yan kasuwa ki ce musu da gaskiyarsu, na ji tsoro, kuma ba na kunyarsa.

Jirgin lafiyarsa ƙalau. Manhajar da ke nuna masa hanya ce ba mu sani ba. A tsohon jirginmu, in ka shigar da sabuwar hanya ka danna, sai ya bi. A wannan kuwa sai ka buɗe wani shafi ka tabbatar, in ba haka ba ya ci gaba da bin tsohuwar. Ƙa'ida ita ce a tura mu horo a ɗakin gwaji, inda matuƙi ke yin kuskurensa a ƙasa ba wanda ya mutu. Su kuwa bidiyo suka turo mana a waya.

Mun tashi da shi zuwa Agadas babu fasinja. Da muka kusa sauka, hasumiyar filin jirgi ta canza mana hanya saboda hadari. Kwamanda, babban matuƙinmu, ya shigar da sabuwar, jirgi bai juya ba. Ya duƙa kan allo, ni ma na duƙa, muna laluben shafin, ba mai kallon waje. Da na ɗaga kai, duwatsu sun cika taga. Da hannu muka fizge shi. Bayan mun sauka kwamanda ya ce in yi shiru, a hankali za mu saba. A kan wa za mu saba? Jirgin nan har mata masu goyo za su shige shi.

Na je buro, wajen manyan kamfani, na ce ba ni ɗaukar mutum sai an horar da mu. Laifin kenan.

Ga abin da ke damuna. In Baba ya rusuna gaban mutumin nan, aka karɓi ragon, to an ɗaure ni. Ba zan iya kunyata mahaifina a gaban liman ba, hawa zan yi. Na kira shi, ya ce ba a yi masa gardama a waya. Ban ce ki saɓa masa ba, tambaya kika yi na amsa.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Yayanki,
Badamasi

Dogarawa, ranar Asabar

Yayana,

Sallama da gaisuwa.

Jiya bayan la'asar aka kira ni zaure. Baba na nan, da Kawu, da liman, ragon na ɗaure a ƙofa. Kawu ya ce in fara da cewa yaro ya yi kuskure, ya tuba. Sai na ajiye alƙalami.

“Baba, ba zan rubuta ba.”

Kawu ya yi dariya. “Ke? Ke da ko baƙo ya yi sallama sai ki ɓuya bayan Inna? Abin da ake koya muku a lakwal kenan?”

Na fiddo wasiƙarka na karanta musu. Liman ya ce ajali ba ya jiran horo. Na ce haka ne, Malam, amma mai laifi ake nemar wa gafara. In an karɓi ragon nan, Yaya zai hau don kunyar Baba, tare da mutanen da ba wanda ya tambaye su.

Kawu ya ce akwai masu Faransanci a Malbaza, gobe zai sa a rubuta. Na ce a rubuta, amma ba da hannuna ba. Baba bai tsawata mini ba. Ya dai ce in sake karanta wurin duwatsun, sannan ya tashi ya fita. Tun daga nan bai ce mini komai ba, ko da na kai masa ruwan alwala.

Ban san ko za su zo ba. Ko sun zo, Yaya, kada ka hau.

Taka ƙanwa,
Nabila

Dogarawa, ranar Litinin

Badamasi,

Sallama. Ni ke magana, Nabila ke rubutu. Wannan ta yarda ta rubuta.

Ba mu zuwa. Isiyaku ya yi fushi, zai huce. In sun kore ka, gona tana nan. Kada ka ɗauki 'ya'yan mutane sai hannunka ya san abin nan. Rago na mayar da shi garke. Ranar da ka iya, ka aiko a yanka shi, kuma ka ajiye mini kujerar bakin taga. Ni zan riƙa duba maka duwatsun.

Allah ya tsare.

Mahaifinka,
Munkaila