Awa Huɗu da Rabi

Yaya Hashimu,

Na leƙo kana barci, ban tashe ka ba. Na koma Dutse wajen aiki, sai Juma'a.

Jiya da 'yan sannu da zuwa suka cika zaure, na ji kana ba su labarin jirgi. Ka ce daga Jidda zuwa Kano kilomita dubu uku ne da ɗoriya, amma awa huɗu da rabi kuka yi, ko gyangyaɗinka ba ka gama ba aka ce ku ɗaura bel. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Shekara bakwai kana aiko wa Inna cewa nisa ne ya hana ka zuwa, kuma ta yarda. Ranar da ciwonta ya tashi, awa shida muka yi da ita a amalanken shanu kafin mu kai asibiti. Ba ta dawo gida ba.

Kaset ɗin da ta ɗaukar maka a makonta na ƙarshe yana cikin rediyo, na sa sabon batir. Ka saurara kafin ka fita rabon dabino da zamzam. Minti goma ne kawai. Sau uku tana tambaya ko Makka ƙara nisa ta yi.

Ƙaninka,
Abdulrauf