Mukulli Uku, Mu Kuwa a Waje: Kukana Kan Sujadar Matasa

Zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa,
Cocinmu da ke Sabon Gari, Kano.

Ranka ya daɗe, Baba Shugaba,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ikkilisiya. Ni ne Ishaya Tanko, malamin makaranta, mazaunin Fagge, ɗan sujadar Hausa tun cocin nan yana da daɓen ƙasa. Kai ka san ni, na faɗi wannan ne saboda masu karatu, domin a allon sanarwa na bakin ƙofa zan liƙa takardar nan. Ban so haka ba. Na je gidanka aka ce kana Legas kana jiran jirgin ruwa ya sauke maka kaya. Na koma aka ce ka dawo, amma kana hutawa. Allah ya ƙara hutu.

Maganata a kan sujadar matasa ce, wadda Majalisa ta yarda a fara, aka sanar da ita daga kan bagadi, ranar ta zo aka bar mu a waje, yanzu kuma ake so a raba yaran da suka shirya ta.

Saboda baƙon da bai san tsarinmu ba: cocinmu ɗaya ne, ƙofarsa ɗaya, kwaɗonsa ɗaya, amma mukullansa uku. Sashen Ibo na shiga da ƙarfe bakwai, sashen Hausa da tara, sashen Turanci da sha ɗaya. Kowane sashe da mai riƙe masa mukulli, da dattawansa, da mawaƙansa, da kwanon baikonsa, har da tsintsiyarsa. Fasto kansa ba shi da mukulli, don kada a ce ya karkata. Mukan haɗu a bakin ƙofa, wasu na fita wasu na shiga, mu gaisa a tsaitsaye kamar fasinjoji a tashar jirgi. Tun da 'yan'uwanmu Ibo suka dawo bayan yaƙin basasa muke haka, mun kuma sa wa abin suna zaman lafiya.

Na ɗaya. Bara wasu matasa suka roƙi Majalisa izinin yin sujada da yamma, da jita da ganguna da lasifika, da waƙoƙin da su da kansu suka tsara. Kuka yarda, kuka naɗa ni uban ƙungiya. Na gode da girmamawar, na kuma san dalilinta. Duk cocin nan an san ni da littafin waƙoƙi a hammata, an kuma san ba na ƙaunar jita. Aka lissafa cewa idan aka haɗa ni da su, kafin damina ta wuce maganar ta mutu ba tare da wani dattijo ya ɓata bakinsa ba.

Har yau ba na ƙaunar jita. Duk Alhamis nakan je inda suke gwaji, a bayan shagon gyaran rediyo kusa da shataletalen Bata, in dawo kunnena na ƙugi. Amma ga abin da na tarar. Shugabansu Okechukwu ne, mai shagon, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa Kananci. Mai ba da waƙa Saratu ce, 'yata. Mai ganguna yaron Filato ne, mai babbar jita Bayarabe ne ɗan sashen Turanci, sauran kuma haka, kowa da inda ya fito. Sukan fara baiti da Hausa, su yi amshi da Ibo, su rufe da Turanci. Na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda nake bin jarrabawar 'yan makaranta, ban sami abin da ya saɓa wa koyarwarmu ba. Na sami kuskuren nahawu, na gyara. Wani bai umarce su su haɗu ba. Cikin dukan ikkilisiyar nan, su kaɗai ne taron da sassan uku ke zama ɗaki ɗaya ba don jana'iza ba.

Na biyu. Ranar Lahadin da aka sa, maƙwabcina Alhaji Modu, mutumin Barno mai shago a Kasuwar Singa, ya ba mu aron a-kori-kurarsa, har shi da kansa ya tuƙo mana kayan kiɗan. Muka iso kafin huɗu muka tarar da kwaɗo.

Na aika a kira Malam Ayuba mai mukullin sashen Hausa. Ya zo, mukullin na aljihunsa ina jin ƙararsa, ya ce da ni, "Malam Ishaya, ni fa mukullin ƙarfe tara aka ba ni, ba na ƙarfe huɗu ba." Mai mukullin sashen Turanci kuwa, amsar da ya aiko ita ce a rubuto masa buƙatar, da Turanci. Na je da ƙafata wurin Mazi Okoro na sashen Ibo. Shi bai yi mini wasa da hankali ba. Ya ce, "Malam, in na buɗe, gobe za a ce Ibo sun ƙara wa kansu lokaci. Mu da muka dawo, ba ma so a ce mun ƙwaci komai." Ban ga laifinsa ba.

Fasto yana tsaye tare da mu, wa'azinsa a hannu. Jama'a sun zo fiye da yadda na zata, har da tsofaffin da suka zo don su ga abin da za su kushe. Alhaji Modu ya daɗe jingine da motarsa yana kallo, sannan ya matso ya ce a hankali, "Malam, in mukullin ne ya ɓata, ina da mai fasa kwaɗo a Fagge." Na ce masa bai ɓata ba, uku ne ma. Bai ƙara tambaya ba, kuma wannan kawaicin nasa ya fi mini zafi a kan dariya.

Jitar lantarki ba wuta, ƙararta ba ta fi ta sauro ba. Saboda haka Saratu ta ɗaga waƙa ɗaya da baki kawai, mai ganguna yana bugun cinyarsa. Da aka kai amshi sai tsofaffin matan sashen Ibo suka karɓa, matanmu suka bi su da abin da kunnensu ya kama. Fasto ya yi addu'a, muka mayar da kaya cikin mota.

Na uku. Na ɗauka za a ba yaran haƙuri. Maimakon haka sai Sakataren Majalisa ya tare ni bayan sujada ya gaya mini hukuncinku: tunda sujadar yamma ba ta kowane sashe ba ce, ba mai buɗe mata ƙofa. Sai ta zaɓi sashe ɗaya ta shiga ƙarƙashinsa, kuma 'yan wannan sashen kaɗai za su yi kiɗa, sauran kowa ya koma wurin mawaƙan sashensa. Ya ce ni zan isar musu, in kawo amsa kafin zamanku na gaba.

Ranka ya daɗe, na karanta tarihin ikkilisiya gwargwadon abin da ɗakin karatu ya ba ni aro. Na ga an rabu a kan baftisma, na ga an rabu a kan ranar Ista, na ga an rabu a kan kalma guda. Ban taɓa cin karo da inda aka raba masu yabon Allah don an rasa wanda zai murɗa mukulli ba. A nan kam mun kawo sabon abu, mu da muke tsoron sabon abu.

Na huɗu. Na san akwai maganganun da ba a sa cikin hukuncin ba, amma ana yin su a gindin bishiyar ƙofar coci. Wani dattijo ya ce ɗansa ba zai zama maroƙi ba. Ina tuna masa cewa maroƙi kan wasa mai kuɗi ne don a ba shi, yaran nan kuwa da guminsu suka sayi kayan, kuma wanda suke wasawa ba ya liƙi. Wani ya ce wandunansu faɗin ƙafarsu ya isa share coci, sumarsu kuma ta tare wa na baya ganin Fasto. Gaskiya ne, ni ma na faɗa musu. Wani ya ce kiɗan otel ne. Baba Shugaba, kai da ni muna samari lokacin da Turawan mishan suka ce ganga ta arna ce, ba za ta shiga ɗakin sujada ba. Kana cikin waɗanda suka tsaya har aka bar matan zumunta suka shigo da tulunsu da kacau-kacau. Yau in ba su kaɗa ba sai mu ce sujada ba ta yi armashi ba.

Kuma tunda arziki ya shigo ƙasa muka sa fanka, muka yi daɓen zamani, muka yi odar abin kiɗan nan ogan, mai lantarki, daga Turai. Yana nan lulluɓe da ƙyalle, domin an rasa sashen da zai mallake shi. Okechukwu ya iya kaɗa shi. Wani otel a Titin Ibrahim Taiwo ya nemi yaron nan ya riƙa yi musu kiɗa, ya ƙi, ya ce yana da inda zai yi. Ban san abin da zai ce musu ba in sun sake zuwa.

Na biyar, wanda shi ne ya hana ni yin shiru. Kafin tashin hankalin da ya kori 'yan'uwanmu daga garin nan, ƙungiyar mawaƙa ɗaya muke da ita. A cikinta nake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Gabriel, mahaifin Okechukwu. Littafi ɗaya muke riƙewa, domin nasa kullum yana gida ya manta. Da tashin hankalin ya zo, Gabriel bai kai tashar jirgi da rai ba. Matarsa, Mama Nkechi, ta tafi da yara, ta dawo bayan yaƙi ta kama sayar da manja a kasuwa. Tun dawowarta gaisuwar bakin ƙofa ce kawai tsakaninta da gidana. Ba faɗa muka yi ba. Ita bakwai, mu tara.

Ran nan da aka bar mu a waje, ƙafa ta gaji, Mama Nkechi ta zauna a kan dakalin coci. Matata Ladi ta zauna kusa da ita. Ɗan wannan na riƙe da jita, 'yar wannan na ba da waƙa. Ban ji abin da suka ce wa juna ba, ban ma tabbata sun ce wani abu ba. Na dai ga Mama Nkechi ta gyara wa Ladi ɗankwalinta da ya zame. Mu manya mun yi shekaru muna wa'azin gafara da sulhu cikin harsuna uku, kowa a lokacinsa. Yaran da suka yi abin a aikace su ne aka ce in je in raba.

Saboda haka ina roƙon Majalisa, cikin ladabi:

Ta janye sharaɗin zaɓen sashe, ta bar ƙungiyar yadda Allah ya haɗa ta.

Ta ba Fasto ikon buɗe cocin da yake kiwo, ranar Lahadi da yamma. In ana tsoron abin da zai lalace, a rubuta sunana, ni zan amsa.

Dattawa su zo su zauna a sujadar ko sau ɗaya kafin su yanke mata hukunci. Wanda kunnensa ba ya jure ƙara ya zauna kusa da ni a baya, ina zuwa da auduga.

In kuwa Majalisa ta tsaya a kan bakanta, to ina sanar da kai cewa ban isar da saƙon ba, kuma ba zan isar ba. Yaran ba su san da hukuncin ba sai sun karanta shi a nan. Ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki suna bayan shagon, za mu ajiye maka kujera. Ka zo da kanka, ka dube su, ka nuna da yatsa wanda zai ajiye kayansa ya fita. In 'yata ce, ka faɗa mata a gabana. In ɗan Gabriel ne, zan kira uwarsa ta tsaya ta ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka hikimar riƙon jama'arsa, ya sa ka gama da ikkilisiyar nan lafiya. Ubangiji ya albarkaci gidanka da kasuwancinka, ya ba dattawanmu zuciyar da za ta ɗauki 'ya'yanmu duka.

Wassalam.

Naka cikin Almasihu,
Ishaya Tanko,
Fagge, Kano.