Marimon Kakarki Ya Tsage

Fumie, sanyin idona, hasken ɗakina, ke da kika fi ruwan tafkin Akan kwanciya kafin iskar safe ta taɓa shi,

Cikin gaggawa nake rubuta miki wannan, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun. Marimonki ya tsage. Ƙwallon gansakukar nan da kika gada wurin kakarki, wanda ya girme mu duka biyu, yau da safe na tarar da shi a gindin kwalba ya rabe gida biyu.

Na rantse miki ban yi sakaci ba! Ruwan sanyi nake canza masa, na janye shi daga taga saboda rana, da zafi ya tsananta har firji na sa shi. Ina juya shi a tafin hannu kamar yadda kika koya mini, ranar da kika ce in bi shi a hankali, wannan ba kifin da na saba damƙa ba ne. Kin tuna dariyar da kika yi mini? Har yanzu ina jin ta a kicin.

Da na ɗago shi, sai na ga ashe cikinsa fanko ne. Waje kore shar, ciki kuwa babu komai! Nan take ke na tuna. Duk sanda na kira ki a asibitin Kushiro, muryarki garau, ki ce tari ne kawai, in je in kama kifina. Likita kuwa da na tambaye shi, kawar da kai ya yi. Me kike ɓoye mini a bayan wannan murmushi, rabin raina? Tsoro nake ji. Ko ranar da ƙanƙarar tafki ta yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata ban ji irinsa ba.

Na ruga da kwalbar wurin maƙwabciyarmu, tsohuwa Haruyo. Ta leƙa, ta harare ni, ta ce, "Ji ƙato da kuka! In ya tsufa haka yake yi. Mulmula kowane ɓari daban, su zama biyu." Na tambaye ta yaushe za su koma ƙwallo sosai. Ta ce ita kam ba za ta gani ba, sai dai mu, in mun yi tsawon rai.

"Ku" ta ce, Fumie, ba ni kaɗai ba.

Ranar Asabar zan zo miki da ɓari ɗaya a ƙaramar kwalba, in ajiye a gefen gadonki, nesa da taga. Ina roƙonki, ki faɗa mini abin da likita ya ce, komai ɗacinsa. Gara in ji daga bakinki da in wayi gari in tarar, kamar yadda na tarar yau. Sannan ki miƙo hannu ki mulmula naki. Nawa zai jira a gida, ni da shi, sai kin dawo.

Naki ne ni har su biyun su koma ƙwallo, har bayan nan ma,

Noriyasu