Dutsen Gangar Kabeji

Cluj, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya gwiwar nan taka? Ina fatan kana shafa maganin, ba ajiye shi ka yi a taga kuna kallon juna ba.

Baba, kaina ya ɗaure. Ka tuna ɗan ɓarɓashin da na kankaro daga baƙin dutsen da marigayiya Mama take danne kabejin da take jiƙawa a ganga da shi? Da wasa na auna shi a ɗakin gwaji. Ashe ba dutsen rafi ba ne, daga sama ya faɗo, kuma ya girmi ƙasar da muke takawa. Da Farfesa Stanila, mai duba aikina, ya ga sakamakon, sai ya cire tabarau ya ce, "Ke 'yar nan, wannan kuka jiƙa a ruwan gishiri shekara da shekaru? Allah ya shirye ku!"

To, a nan gizo ke saƙar. Ni wani kwamiti ya sa na rubuta shawarar a kafa doka cewa duk dutsen da ya faɗo daga sama a miƙa shi ga hukuma don bincike. Har gobe ina ganin gaskiya ce, amma da nake rubutawa duwatsun wasu nake hange, ba namu ba. In na yi shiru, mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi. In na karɓe shi, me ya rage maka na Mama? Ba a zartar da dokar ba tukuna, kada ka yi komai sai na zo.

'Yarka,
Ruxandra

Cluj, 21 ga Nuwamba

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, direban bas ya kawo saƙo. Haba Baba! Na ce ka jira, ka naɗe dutsen a tawul ka aiko, wai kada a ce 'yarka mai baki biyu ce. Ban sani ba, in gode maka ne ko in yi fushi.

Yanzu yana cikin akwatin gilashi a ɗakin adana duwatsu na jami'armu, an ba shi lamba. Kowa na taya ni murna, Farfesa ya ce digirina ya zo hannu, ni kuwa sai yaƙe nake yi. Jiya na miƙa hannu zan taɓa shi, mai kula da ɗakin ta daka mini tsawa, "Ke! Ina safar hannunki?" Na sa safar, Baba. Na kasa gaya mata cewa duk lokacin kaka ni Mama take sawa in wanke shi da soso.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai kewarka,
Ruxandra