Sunan da Inna ta daina faɗa

New Bell, Duwala. Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ruwa ya ɗauke, wuta ba ta dawo ba. Ina zaune a kujerarka ta bakin ƙofa.

Assalamu alaikum Baba,

Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma kai ka koya mini kada in amsa abin da ban bincika ba, gobe kuma ana jiran amsata.

Labarin gida tukuna. Na gama jami'a, lisans ɗina, wato digiri, ya fito. Aiki bai samu ba. Abokan aikinka na tashar jirgin ruwa sun ce in ƙara haƙuri. Kwatar ƙofar gida ta sake cika, ruwa ya shiga har ɗakin girki.

Ka tuna littattafan soyayyar nan na Faransanci da nake sayowa a gefen titi? Waɗanda na fi so su ne na masoyan da suka rabu, shekaru suka wuce, suka sake haɗuwa. Kana yi mini dariya, kana cewa marubutan ba su taɓa jiran kwantena ta fito daga tasha ba, shi ya sa suke ganin jira abin daɗi ne. Makon nan na sake karanta su, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Kullum akwai wani mutum a tsakiya, wanda matar ta aura kafin na farkon ya dawo. Ko dai mugu ne, ko ya mutu. Ba a ma faɗin yadda yake son shayinsa.

Baba, ina tsoron kai ne mutumin tsakiya.

Cikin masu ta'aziyyarka akwai wani dogo, Malam Idi, tsohon direban babbar mota ta hanyar Cadi. Yanzu yana zaune a unguwar Sodiko, matarsa ta rasu. Ƙanwarka Goggo Asabe ce ta faɗa mini shi ya fara neman Inna kafin kai. Ya bi hanya, ya daɗe ba labari, Inna ta zaɓe ka. Da ta fita takaba aka kwana biyu, sai ya fara aiko da gaisuwa, wani lokaci da kifi.

Ban damu ba, domin Inna tana kiran sunansa gatsau. Idi ya tsufa. Idi haƙoransa sun zube. Idi har yanzu bai iya zaɓen kifi ba. Ka san matan gidanmu, wanda ake kiran sunansa haka ba a ɗauke shi komai ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka kawo kan ayaba guda. Na tambaye ta wa ya aiko. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce mutumin Sodiko ne. Tun daga ranar nake kasa kunne. Sunan bai sake fitowa ba.

Ranar Talata Goggo ta zo. Ta ce ya aiko da maganar aure, Inna kuma ta ce ba za ta amsa ba sai na yarda, tunda ni ce babba. Goggo ta ce yayanta ne ya rasu, ita ta fi kowa sanin zafinsa, amma ba a binne Inna tare da shi ba. Ta ce duk karatun soyayyar da na yi ashe na banza ne, tunda abin ya shigo har tsakar gida na tsaya ina zare ido kamar ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya ga kaya ba takarda.

Ban iya faɗa mata abin da ke cina ba. Duk shekarun da Inna ta yi tana dafa maka shayi da citta, jiran wani take yi? Da take shafa maka man zafi a ƙafa, hankalinta yana hanyar Cadi? In haka ne, ni ɗin me ce?

Jiya na gwada Inna. Ka san Musa, mai bensikin da ke kai ta kasuwa a babur ɗinsa, takwaranka. Da ta dawo na tambaye ta wa ya kawo ta. Ta ce mai sunan Malam. Na ce wane Malam, ai malaman sun yi yawa yanzu. Ta jefe ni da mafici, ta ce boko ya cinye mini kunya, Malam ɗaya ne a gidan nan. Sai ta juya ta hau goge murhun da ta riga ta goge.

A nan na tuna ni 'yar fari ce. Tunda ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ke ɗin nan take ce mini, ban kuma taɓa shakkar tana sona ba. Inna ba ta cire sunanka ta sa nasa ba, Baba. Da mu biyu ne ba ta faɗin sunanmu, yanzu mun zama uku. Wannan babu shi a littattafan.

Gobe bayan Juma'a zan je wurin Goggo in ce na yarda.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban sani ba ko ka san labarinsa, ko ka sani ka yi shiru. Ban sani ba ko za ta koma Sodiko, in ta koma wa zai riƙa yashe kwatar nan. Ban san me zan kira shi ba, na dai san ba Baba ba ne. Ban kuma sani ba ko da kai ne za ka ce na bincika sosai.

Allah ya jiƙanka, ya kai haske kabarinka.

Taka,
wadda kake kira Uwata, don kai ma ba ka faɗin sunana.